Makullin Ɗakin Wanka da Jitar Inna Hasiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Zumuncin Hausawa ta yankin Montgomery, Dakta Almu, mai girma limaminmu, Malam Ikrama, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, iyayenmu dattawa maza da mata, 'yan kwamiti, 'yan'uwanmu na Nijar da na Najeriya da na Gana, waɗanda suka taso daga Wheaton, da waɗanda suka taso daga Germantown, da ku 'yan nan Gaithersburg da kuka fi kowa kusa kuka fi kowa makara, 'ya'yanmu da ke kujerun baya, kawuna a sunkuye a kan waya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya a ƙasar da ba tamu ba. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma, kuma ina ba shi haƙuri tun yanzu, domin zan wuce su. Ina godiya ga matan da suka tashi tun asuba suka soya masar da na ga wasu maza sun fara ci kafin a buɗe taro da addu'a. Allah ya gani, mu ma mun gani.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hamida, ni ce shugabar reshen mata. Shekarata goma sha bakwai a ƙasar nan, ina aikin harhaɗa magunguna a Rockville. Na tashi ne a kan batu na huɗu cikin abubuwan da za a tattauna yau, wato takardar da ke neman a karɓe aikin wankan gawar mata daga hannun Inna Hasiya. Ana so a kaɗa ƙuri'a a kanta kafin mu watse. To, kafin kowa ya ɗaga hannu, ina so ku san wanda ya rubuta takardar nan. Ni ce. Da hannuna na buga ta, sa hannuna ne na farko, mata talatin da ɗaya suka biyo bayana. Saboda haka duk abin da zan faɗa yau, a kaina zai fara sauka.

Abu na farko, wace ce Inna Hasiya? Da a watan jiya aka yi mini wannan tambaya, da na amsa ba tare da wani tunani ba. Tsohuwa ce 'yar Jos mai shekara saba'in da biyu, tana zaune a ɗaki ɗaya a saman wani shagon ɗinki a Wheaton, ta yi aikin kula da tsofaffi a gidajensu har ta ajiye. Ba ta da miji a nan, ba ta da ɗa a nan. In ana suna ko walima takan nemi kusurwa ta zauna, in ta yi magana sai ka matso kake jin abin da ta ce. Kuma shekara ashirin da biyu ke nan, duk macen da ta rasu a cikinmu, daga Silver Spring har Frederick, ita ce ke wanke ta, ita ce ke sa mata likkafani. A kira ta da zafi ta zo, a kira ta da sanyi ta zo, ba ta taɓa cewa a jira gobe ba. Shekara shida da suka wuce mahaifiyata ta zo ganin jikoki, ajali ya riske ta a Germantown, a ranar da aka rufe makarantu saboda dusar ƙanƙara. Inna ta hau bas biyu ta iso. Ni da nake 'yar cikin mamaciyar na tsaya a bakin ɗakin wanka na masallacinmu, ƙafata ta ƙi shiga. Inna ta dafa kafaɗata, ta shiga, ta ja ƙofa.

Abu na biyu, yadda aka yi na rubuta takardar. Mako uku da suka wuce ina wurin aiki, sai wayata ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Zauren matanmu na wasaf ya rikice. Wata ce ta turo bidiyo na daƙiƙa arba'in: wata tsohuwa a kan dandamali, fitilu ja da shuɗi a kanta, ta rataya jita mai lantarki, tana ƙwala waƙa, Turawa suna ihu. Na duba na ce kama ce kawai, mutane suna kama. Na ƙara girman hoton. Jama'a, mayafin nan fari mai bakin shuɗi da ke kanta, ni na sayo mata shi daga Umra. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin magani ba, har abokiyar aikina ta kawo mini ruwa.

Ina so maza su fahimci abin da ya tayar mana da hankali, domin na ji ana cewa mata mun cika tsegumi. Ba kiɗan ne ya fi damun mu ba. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ga Malam nan zaune, ban zo in karɓe masa aiki ba. Abin da ya dame mu shi ne abin da muka taso muka sani game da mawaƙi. A gida, mawaƙi shi ne mutumin da ba a bari ya ji sirrin gida. In ka kyauta masa ya wasa ka, in ka saɓa masa ya yi maka zambo, ya tono abin da ka binne shekara talatin ya rera shi a tsakiyar kasuwa, yara su ɗauka. Mai wankan gawa kuwa, sharaɗinta na farko riƙe baki. Abin da ta gani a ɗakin nan, da shi za a binne ta. To, ga mace ɗaya ta haɗa biyun: ta ga tsiraicin iyayenmu, kuma an miƙa mata makirufo a gaban baƙi. Mahaifiyata ta yi doguwar jinya, jinyar kuma ta bar mata abin da ba ta yarda ko ƙannena su gani ba. Mu biyu muka gani a duniya, ni da Inna. Da wannan tsoron na rubuta. Ban kira ta ba, ban je na tambaye ta ba, saboda a wurinmu ba a tsare babba da tambaya. Amma ashe ana iya rubuta masa takardar kora. Muka sa kwafi a ambulan, muka ba Malam Nassirou direba ya kai mata.

Abu na uku, kuma shi ne mai tsawo, sai ku gyara zama. Da na ga wasu 'yan kwamiti suna ja da baya, suna cewa bidiyon daƙiƙa arba'in ba hujja ba ne, sai na ce ni zan kawo hujja. Na ji za ta sake wasa ranar Lahadin da ta wuce a wani zaure a Silver Spring. Na nemi tikiti, aka ce sun ƙare tun wata biyu. Sun ƙare! Kujera ɗari tara! Mu da muke fama mu cika wannan ɗakin ko an ce akwai masa. Malam Nassirou ne ya samo mini hanyar shiga, ashe shi ke kai ta duk wasan da za ta yi, shekara uku cur, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce, "Haba Malam Nassirou, ka sani ka yi shiru?" Ya ce, "Hajiya, ni direba ne. In na fara faɗin inda nike kai mutane, rabin ƙungiyar ga sai sun bar gari." Kada ku dube shi, ku dubi kanku.

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka fara, domin sharaɗinta ke nan, sai bayan azahar, a kuma tashi da sauran lokacin la'asar. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na zauna can gefe, wayata a ƙarƙashin mayafin tana ɗaukar murya. A takardar da aka raba a ƙofa na karanta tarihin da ban taɓa ji ba. Wai a Jos, shekara hamsin da suka wuce, akwai wasu matasa masu kiɗan rok da ake kira Tartsatsin Kuza. Yashim ne mai ganga, Kaneng ce mai babbar jita, Hasiya ce mai waƙa, tana 'yar shekara ashirin da biyu. Faifai ɗaya tak suka yi, ƙungiya ta watse, kowa ya kama gabansa. Can bayan shekaru wani mai tara tsofaffin fayafai ya tsinci kwafi a kasuwa, aka sake buga shi a nan Amurka, matasa suka kama shi a intanet. Masu bugawar suka shekara biyu suna neman mai muryar a Najeriya, ashe tana Wheaton, tafiyar minti ashirin daga ofishinsu. Mu da muke cin abinci da ita a tire ɗaya, mu ne ƙarshen ji.

Aka rage fitilu. Babu komai a dandamalin sai kujera ɗaya, da lasifika, da wani akwatin katako a ƙasa. Ta fito ita kaɗai, da baƙar doguwar rigarta, da takalmin robar nan da take zuwa ta'aziyya da shi, tana ɗan ɗingishin da kuka sani. Mutum ɗari tara suka miƙe tsaye tun ba ta taɓa komai ba. Ta zauna, ta ajiye wayarta a kan lasifikar, fuskar wayar a sama, ta rataya jitar, ta ɗora ƙafar dama a kan akwatin. Ta kai hannu ta buga sau ɗaya.

Wallahi tallahi, ta tafin ƙafata na ji ƙarar ta shiga. Sannan ta buɗe baki. Jama'a, muryar nan da muke matsowa kafin mu ji, muryar da ke cewa "sannu, a yi haƙuri, sai addu'a", ashe ajiye ta aka yi. Murya ce mai kauri, mai tsatsa, ta cika zauren har bango, ba ta rawa, ba ta neman numfashi. Ƙafarta na dukan akwatin a madadin ganga, domin Yashim ya rasu, Kaneng kuma tana Jos idanu sun tafi, Inna kuwa ta rantse ba za ta ɗora wasu a gurbinsu ba. Shi ya sa take wasa ita kaɗai. Tsohuwar da nake riƙe wa hannu in za ta sauka matakalar masallaci, ita ce ta yi awa biyu tana dukan katako da ƙafa, yatsunta na gudu a kan tsirkiya, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Kuma da Hausa take waƙar, Hausar Jos tsantsa. Akwai wadda take kira Jirgin Bukuru, ta matar mai haƙar kuza da ke jiran mijinta a tasha. Tana cewa, "Jirgin Bukuru ya wuce, bai tsaya ba, na dafa tuwon mutum biyu, na ci ni kaɗai." In ta ce "ya wuce", zauren gaba ɗaya ya amsa "bai tsaya ba". Kusa da ni wani Bature ne mai furfura, ya rungume tsohon faifan a ƙirji cikin leda, yana amsawa da karyayyar Hausa, hawaye na bin gemunsa. A gabana wasu baƙaƙen fata ne 'yan ƙasar nan, uwa da 'yarta da jikarta, su uku sun san waƙar. Na yi ta tambayar kaina, me suke ji? Ba su san Bukuru ba, ba su san kuza ba, ba su taɓa ganin tuwo ba. Amma kowa a wurin ya taɓa jiran wanda bai zo ba, kuma ita ba ta yi musu kwalliya a kan abin, faɗa take yi yadda yake. Ni da na je kama laifi, sai ga ni ina share ido da bakin mayafi, ina jin haushin kaina.

Ana cikin haka na hangi wata budurwa a layi na uku, a tsaye, hannu a sama. Na ce wannan ƙeyar na san ta. Afnan ce, 'yata, mai shekara ashirin da shida, injiniya, wadda in na yi mata Hausa take mayar mini da Turanci, wadda na sha jan ta zuwa makarantar Asabar tana kuka. Ga ta tana rera baiti bayan baiti, ba ta tsallake kalma ɗaya ba. Da na tsare ta daga baya, sai ta ce, "Mama, ai mu duk mun sani. Mun ɗauka ku ma kun sani, kunya kuke ji." Ku na kujerun baya, na ga kun ɗago kai yanzu. Za mu yi magana a gida.

Sai ga lokacin da na zo dominsa. Wajen tsakiyar wasa ta tsaya tana gyara tsirkiya, wani mutum daga sama ya ɗaga murya da Turanci ya ce, "Ina kika shiga shekara hamsin?" Ni kuwa na matse wayata, na ce yau asirin uwata zai tonu. Kun san ƙasar nan, kun san yadda suke son irin wannan labari. Da ta ce musu gawa take wankewa, da jaridu sun ɗauka, da an kira ta gidan talbijin, da sun tafa mata har hannu ya yi ciwo. Ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Ina nan kusa da ku, ina aiki." Ya ce, "Wane aiki?" Ta ce, "Aikin mata." Aka yi dariya, ta buga jitarta, ta shiga waƙa ta gaba. Shi ke nan. Waƙa goma sha huɗu na ɗauka a wayar nan, na saurare su sau uku a mota a kan hanyar aiki, babu sunan kowa, babu habaici, babu ko inuwar ɗakin wanka. Duk waƙoƙin da ta yi tun tana budurwa ne. Na je da waya in kama ta, na dawo da shaidar da ta kama ni.

Abu ɗaya na lura da shi wanda ban gane ba a lokacin. Duk ƙarshen waƙa, ana tafi, ana kiran sunanta, ita idonta na kan wayar da ta ajiye a kan lasifika. Na ɗauka kalmomin waƙar ta rubuta a ciki saboda tsufa.

Abu na huɗu, ko na biyar ne, na rasa lissafi, ku yi haƙuri. Da aka tashi Malam Nassirou ya ja ni zuwa ɗakin baya. Na tarar da ita ta idar da la'asar, tana zaune a kan darduma tana murza gwiwa, jitar na jingine da bango. Ta ɗago ta ce, "Hamida, ke ce? Kin ci abinci kuwa?" Sai ga wata Baturiya mai suna Debbie, ita ce ke shirya mata wasanni, ta ji an ce ni daga ƙungiyarsu Inna nake. Ta rungume ni! Ta ce, "Ku ne kuka rubuta mata wasiƙa? Na gode, na gode! Ban san me kuka rubuta ba, ta ƙi nuna mini, amma shekara uku ina roƙon ta. An kira ta Chicago ta ƙi, an kira ta London ta ƙi, an kira ta Berlin ta ƙi. Ba ta yarda da duk wurin da ya wuce tafiyar awa ɗaya daga Wheaton, kuma ba ta taɓa faɗa mini dalili ba. Washegarin da wasiƙarku ta zo, ta kira ni ta ce ta sami dama, in shirya. Ranar ɗaya ga wata za mu tashi, mako shida!"

Jama'a, an zage ni a rayuwata, an yi mini wulaƙanci a filin jirgi, an taɓa ce mini in koma inda na fito. Ban taɓa jin abin da ya dake ni kamar godiyar matar nan ba.

Da ta fita na durƙusa na ce, "Inna, me ya hana ki tafiya tun da?" Ta ce, "To in na tafi aka yi rasuwa fa? Mutuwa ba ta duba kalanda." Na ce, "Wayar da kike dubawa fa?" Ta ce, "Lambar Malam Ikrama nake tsaro. Na gaya wa Debbie tun farko, in wayar nan ta yi haske, ko a tsakiyar waƙa ne zan ajiye jita in fita. Sau ɗaya ta taɓa faruwa, a Baltimore. Na ce musu cikina ne ya murɗa." Wasunku za su tuna ranar da aka yi jana'izar 'yar'uwarmu Nafissa bara, da Inna ta iso tana haki muka ce ta makara. Daga kan dandamali ta taso.

Sai ta buɗe jakarta ta ciro wannan. Ga shi, ku gani, makullin ɗakin wanka ne. Ta sa mini a hannu ta ce, "Ga amanarku. Ban yi fushi ba, Hamida, tsoronku yana kan hanya, da ni ce ke da na ji shi. Da dai kin zo kin tambaye ni, da na dafa miki shayi mun yi magana." Na ce, "Inna, don girman Allah ki mayar da shi jaka, zan yaga takardar." Ta ce, "Ki yaga ko kar ki yaga, na riga na ba matar nan alkawari, ta kuma ba mutane alkawari a kaina. Zan tafi. In Allah ya dawo da ni, sai a ga abin da kuka yanke. Amma wa zan nuna wa inda kafur yake?"

Wannan tambayar na kwana da ita, na tashi da ita. Ranar Litinin da Talata na kira mata talatin da ɗayan nan da suka sa hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan kama suna ba. Wata ta ce aikinta ba ya bari. Wata ta ce tana da ƙananan yara. Wata ta ce in ta ga gawa ba ta iya barci sai ta yi mako. Wata ta ce ai ta ɗauka akwai wadda aka tanada. Babu wadda aka tanada! Mu talatin da biyu muka haɗu muka kori mace ɗaya daga aikin da babu ɗayarmu da ta san ta inda ake fara shi. Likitoci ne a cikinmu, malaman jami'a ne a cikinmu, 'yan kasuwa masu shago biyu ne a cikinmu, kuma babu wadda ta san yawan ruwan, babu wadda ta san yadda ake yanka likkafanin mace. Ban zargi kowa ba, domin ni ce gaba a layin. Shekara ashirin da biyu muka jingina a kan tsohuwa ɗaya, ba mu taɓa tambayar ta ko ta gaji ba, ba mu taɓa tambayar ta abin da ta bari don ta zauna kusa da mu ba.

Yau saura kwana goma sha tara ta tashi. Mako shida za ta yi. Ku dubi ɗakin nan, ku dubi iyayenmu mata da ke layin gaba, ku dubi kanku. Wa ya ba mu takardar cewa babu wadda za a kira a cikin mako shidan nan?

Shekaranjiya Alhamis na ɗauki hutu na same ta a masallaci da hantsi. Na buɗe ƙofar da na kasa shiga ranar mahaifiyata, na shiga. Ta nuna mini safar hannu, ta nuna mini garin magarya da kafur, ta nuna mini yadda ake gwada ɗumin ruwa da bayan hannu, yadda ake rufe jiki da zane kada ya yaye ko sau ɗaya, yadda ake raba gashi gida uku. Na ce, "Inna, na ji bayani, amma a kan me zan gwada? Ko in ɗauko filo?" Ta ce filo ba shi da nauyin mutum. Ta cire takalminta, ta kama hannuna, ta hau teburin wankan gawar da kanta, ta miƙe da kayanta, ta ja farin zane har wuya, ta rufe ido. Ta ce, "Bismillah. Fara da damana, kuma a hankali, gawa ma tana da haƙƙi. Ki koya da kyau, Hamida, wataƙila ke ce za ki yi na gasken."

Na yi. Ina kuka na yi, amma na yi. Sai dai da na zo juya ta na kasa, domin sabon hannu ba ya iyawa shi kaɗai. Sai da mutum uku: mai wankewa, mai zuba ruwa, mai riƙewa.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina janye takardata a gaban kowa, kuma ina roƙon a cire batu na huɗu, babu ƙuri'ar da za a kaɗa. Ina roƙon Malam ya jagorance mu gobe mu hau matakalar shagon ɗinkin nan mu nemi gafararta, mu da ƙafafunmu, ba da ambulan ba. Sannan ina roƙon mata biyu. Biyu kawai. Jibi Litinin, ƙarfe goma na safe, Inna za ta sake hawa teburin nan ta kwanta, da ciwon gwiwarta, don mu koya. Ni zan kasance a wurin. Ba zan ce kowa ta ɗaga hannu yanzu don kunyar jama'a ba. Ƙofar za ta kasance a buɗe, ita kuma ta ce za ta jira mu har azahar.

Allah ya gafarta wa matattunmu, ya haskaka kaburburansu. Allah ya saka wa Inna Hasiya da alheri, ya kai ta lafiya, ya dawo mana da ita lafiya. Allah ya yafe mini abin da hannuna ya rubuta, ya yafe wa waɗanda suka bi ni. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar shiga ɗakin wankan nan da ƙafafunmu kafin ranar da za a shigar da mu. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da zuriyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.